Etymonline: gwada shi da kalmar frolic

Ga mai son sanin inda kalmar Turanci ta samo asali ba tare da ya kashe ko sisi ba, da wuya a samu shafin da ya kai Etymonline, wanda Douglas Harper ya kafa a 2001. Yana buɗewa da sauri ko da intanet ɗin na jan ƙafa.

A rubuta frolic a akwatin bincike, wato wasa da tsalle-tsalle irin na 'yan awaki. Shafin zai nuna cewa aro ce daga harshen mutanen Holan, haɗin vro, mai farin ciki, da lyc, mai kama da. Ta shiga Turanci wajen 1530 a matsayin sifa, ta zama aikatau wajen 1580, sannan suna wajen 1610. Danginta na nan a Jamusanci, fröhlich. Wannan jerin shekaru shi ne ƙarfin shafin, domin yana nuna yadda kalma ke sauya aiki a hankali.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne shekarun. Shekarun na nufin rubutu mafi tsufa da aka gano kalmar a ciki, alhali mai yiwuwa ta daɗe a bakin mutane kafin nan. Duk tushen da aka sa wa alamar tauraro kuma, masana ne suka ƙiyasta shi, babu shi a rubuce.

Raunin shafin na gaske shi ne ƙarancin misalan jimloli. Mai rubuta kundin digiri dole ya koma ƙamus ɗin Oxford babba, wanda sai an biya kuɗi ko an bi ta laburaren jami'a.