Jinin da ba ya son sanyi: saƙo daga Lille zuwa Maradi

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da su Inna. Kun tambayi jikin maiɗakina. Da sauƙi, alhamdu lillahi, kuma likitocin nan Faransa sun gano ciwon.

Sunansa kiriyogulobulinemi. Wasu sinadaran garkuwar jiki ne da ke yawo cikin jini, in ɗuminsa ya sauka ƙasa da digiri 37 sai su dunƙule, su toshe ƙananan jijiyoyi. Shi ya kawo ɗigo-ɗigon ƙafafunta, da ciwon gaɓoɓi, da kasalar nan, abin kuma ya fi tsananta da sanyi. A baƙar fata ɗigon ba ya yin ja, duhu yake yi, sai da likita ta haska fitila ta duba da kyau.

Wurin ɗibar jini na ga aikin da ya burge ni. Tun kafin a tsira allura an ɗumama kwalbar. Ana ɗiba aka saka ta cikin wani akwati mai riƙe ɗumi, ma'aikaciya ta wuce da ita labo ba tsayawa. In jinin ya huce a hanya, sinadarin zai bi gudan jini ya ɓace, takarda ta fito wai lafiya lau. Bayan an tace, ruwan jinin ake sawa a firiji, digiri 4, har kwana 7, a ga ko wani abu zai kwanta a ƙasa.

Tushen kuwa ciwon hanta ne nau'in C, shi ke jawo mafi yawan wannan cuta. Ƙwaya ake sha, sati 8 zuwa 12, kuma sama da kashi 95 cikin 100 suna rabuwa da shi. Inshorar gwamnati ta biya, kati kawai na miƙa a farmasi. Irin wannan magani sai da ordonansi, wato takardar likita, ba a tallarsa a bakin kasuwa. Inda gida ya fi su, ganin likita: nan sai ka jira watanni kafin ƙwararre ya gan ka, can in da kuɗi a hannu abin bai kai haka ba.

Don Allah Yaya, ku je a gwada ku, ku da iyali, ciwon hanta nau'in B da C duka. Ciwon hanta yakan yi shekaru a jiki ba alama. Wurin wanzami da mai yankan farce kuma, kowa ya tafi da rezarsa.