Fen biyu da na saya a Sakkwato: ɗaya ta rayu, ɗaya ta ƙone

A lambun shuke-shuke na Jami'ar Ibadan na fara ganin wannan shuka da ake kira fen, a ƙarƙashin manyan itatuwa inda rana ba ta sauka sosai. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, kyawunta duk a ganye yake. A watan Agustan bara na tarar da ita wurin wani mai sayar da furanni a nan Sakkwato, na sayi iri biyu: Boston, mai dogayen ganye masu zubowa ƙasa, da wadda ake kira sheƙar tsuntsu, mai faffaɗan ganye kamar na ƙaramar ayaba.

Na tambaye shi yadda ake kula da su. "Hajiya, ruwa kawai za ki riƙa ba su," in ji shi. Da damina maganarsa ta yi daidai, har sabon toho suka yi, yana fitowa a naɗe kamar gammo sannan ya warware.

Hunturu ne ya tona asiri. Waɗannan shuke-shuken dajin ruwa ne, laimar iska suke bukata fiye da ruwan tukunya, iskar Disamba kuwa a nan ko leɓen mutum ba ta bari. Sheƙar tsuntsu ta fara ƙonewa daga gefen ganye. Na ƙara mata ruwa, ina zubawa a tsakiyarta, ashe nan ne ba a so ruwa ya kwanta. A daji bisa itace take zama, saiwarta na shan iska. Tsakiyar ta ruɓe, kafin ƙarshen Janairu ta tafi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin da mai furannin ya yi mini bayani na minti biyu da ban rasa ta ba.

Boston kuwa randa ce ta cece ta. Na cire ta daga baƙar ledar da aka sayar mini da ita, na mayar tukunyar ƙasa, na ajiye a gindin randarmu inda yashi ba ya rabuwa da danshi, a inuwar dogon yaro. Safe da yamma ina yayyafa mata ruwa in wanke ƙurar ganyen. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta zubar da ganye da yawa, amma ruwan Yuni na sauka ta farfaɗo.

Idan kin ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jere a bayan ganyen fen, kada ki fesa magani. Ba ƙwari ba ne, ƙurar irinta ce, da ita take yaɗuwa.

Boston zan sake saya, in dai akwai inuwa da mai kula da ita kullum. Sheƙar tsuntsu kuwa ba zan ƙara kawo ta gidana ba.