GARGAƊI: Masu sayar da tikitin Oasis na bogi sun ci mini fam 340, kuma har yanzu suna nan

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan'uwa mazauna Birtaniya, ɗalibai da ma'aikata. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don babu wanda yake son ya fito ya ce an yi masa wayo. Amma wasannin mawaƙan Oasis a Manchester sun ƙare ranar Lahadi 20 ga Yuli 2025, tawagar ta nufi Wembley a Landan, daga nan Edinburgh da Dublin a watan Agusta, sannan suka sake dawowa Wembley ranakun 27 da 28 ga Satumba. Ma'ana kasuwar 'yan damfara ba ta tashi ba, wuri kawai ta sauya. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san sauran.

Na san wani zai ce me ya haɗa Bahaushe da mawaƙan rock? Ni ma ba ni da amsa mai kyau. Shekarata huɗu a Manchester, kuma a garin nan ba ka isa ka kauce wa Oasis ba. Jagororin tawagar wa da ƙane ne, Noel da Liam Gallagher, 'yan unguwar Burnage, waɗanda suka ɓata a Faris cikin Agustan 2009 ana dab da hawa dandamali, kowa ya kama gabansa har shekara goma sha biyar. Ranar 27 ga Agusta 2024 suka ba da sanarwar sun shirya, za su zagaya. Wallahi ranar a wurin aikinmu kamar an ga watan Sallah. Akwai abokin aikina, Bature ne ɗan shekara arba'in da wani abu, wanda ya tsaya mini tsayin daka lokacin da na zo ban san gabas ba balle yamma. Shi ya koya mini aiki, shi ya riƙa rage mini hanya cikin sanyin hunturu. Mutumin nan na gan shi da idona yana share hawaye a ɗakin shan shayi saboda mawaƙa biyu sun daina gaba.

Sai ka zauna da su za ka gane cewa abin nasu ya wuce son waƙa. Suna da shigarsu: 'yar malafar yadi mai saukowa kan kunne, doguwar rigar sanyi da ake zuge ta har haɓa ko da ana zafi, da takalmin Adidas. Wasu sun bi mawaƙan gari-gari tun shekarun 1990, suna ajiye tsofaffin tikiti a akwati kamar takardun gado. In aka haɗu, tambayar farko ita ce ko kana wasan da Oasis suka yi a Knebworth a 1996, inda mutum 250,000 suka taru cikin kwana biyu. Kuma suna da wata ƙa'ida da suke alfahari da ita: masoyi na gaskiya ba ya cin ribar ɗan'uwansa. In uzuri ya hana ka zuwa, ka sayar da tikitinka a yadda ka saye shi, ko kwabo kada ka ɗora. Wanda ya ɗora riba, ɗan bumburutu ne, a kore shi daga zaure.

To ta wannan ƙofar ɓarawon ya shigo mini.

Ranar 31 ga Agusta 2024 aka buɗe sayar da tikiti. Tikiti kusan miliyan 1.4, masu nema sun haura miliyan 10. Abokin nawa ya wuni a layin intanet, da ya iso gaba sai ya tarar tikitin tsayuwa da aka ce kusan fam 150 ya koma sama da fam 350. Ya haƙura ya rufe kwamfuta. Ba shi kaɗai ba, ƙorafin ya yi yawa har hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar, CMA, ta buɗe bincike a watan Satumba. Tun daga lokacin na ƙudurta a raina cewa in Allah ya ba ni iko sai na rama wa bawan Allahn nan alherinsa da tikiti biyu, shi da matarsa.

Na shiga wani zauren masoya a dandalin sada zumunta, mai dubban mutane, na yi watanni ina leƙe. Masu neman fam 600 da 800 ban ko kalle su ba, ina ganin ai ni mai wayo ne. Farkon Yulin 2025 sai ga wata mata ta rubuta cewa tana da tikiti biyu na Heaton Park, filin da aka yi wasannin Manchester, Asabar 19 ga wata, an sa wa mahaifiyarta ranar tiyata, ba za ta samu zuwa ba. Fam 150 kowanne, kuma ta ce sai masoyi na gaskiya za ta sayar wa. Na shiga shafinta na bincika ciki da bai. Shafi ne tsoho, ya fi shekara goma. Ga hotunan 'ya'yanta, ga karenta, ga ta nan a Heaton Park ɗin a 2009 da malafarta. A ƙarƙashin rubutun mutum uku sun shaide ta. Me ya rage?

Na yi mata magana, ta amsa nan take. Har jarrabawa ta yi mini, wai wane kundi na fi so, don ta tabbatar ba ɗan kasuwa ba ne ni. Ku ji fa, ita ce ke bincikena! Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali. Ta turo hoton wasiƙar shaidar saye, da tambari da lambar oda da komai. Sai ta ce mutum biyar na jira, in tura rabin kuɗi ta ajiye mini. Na ce mu bi ta shafin Twickets mana, tunda nan ne aka amince a sake sayarwa. Ta ce suna cire kuɗin hidima, kuma ba ta da tabbacin ni zan samu, wani zai iya rigana dannawa. Maganar ta shiga kunnena, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Da na sa lambar asusun, manhajar bankina ta nuna sunan bai yi daidai da nata ba. Ta ce asusun mijinta ne. Manhajar ta sake tambayata dalilin tura kuɗin, har da jan rubutu na gargaɗi. Matar ta riga ta ce mini in zaɓi cewa ɗan'uwa ko aboki nake tura wa, wai don kada banki ya riƙe kuɗin kwana uku. Na zaɓa. Da hannuna. Fam 150 suka tafi, bayan awa ɗaya ta ce sai an cika kafin manhajar tikiti ta bari a tura, na ƙara 150. Washegari ta ce akwai fam 40 na sauya suna. A nan jikina ya fara ba ni, amma wanda ya riga ya zuba 300 yana ganin 40 ba komai ba ce. Na tura. Da la'asar na duba, an toshe ni.

Bayan kwana biyu matar ta ainihi ta fito ta wani sabon shafi tana ba da haƙuri. An sace mata shafi tun mako biyu baya, ba ta taɓa mallakar tikitin wasannin 2025 ba, mahaifiyarta ma ta rasu shekaru da suka wuce. Mu tara muka fito a zauren muka ce an karɓi kuɗinmu a kan tikiti biyun nan. Su kuwa mutum ukun da suka shaide ta, shafukansu sun ɓace rana ɗaya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk alamomin da aka saba gaya mana mu duba, wannan ya tsallake su. Shafin ba sabo ba ne, farashin bai yi tsada ba kuma bai yi arahar banza ba, Turancin babu kuskure, kuma ya san yaren masoyan sarai. Tsohon shafi ba hujja ba ne, ko da na wanda ka sani ne ido da ido. In abokinka ya sa tikiti a shafinsa, kira shi a waya ka ji muryarsa. Hoton wasiƙar saye kuma yaro ma zai haɗa shi cikin minti biyar, kuma ba ya shigar da kowa fili. Tikitin yana zama ne cikin manhajar kamfanin da ya sayar, a asusunka kai.

Bankin Lloyds ya fitar da alƙaluma a watan Afrilun 2025: ya ƙiyasta masoyan Oasis sun yi asarar sama da fam miliyan 2, mutum aƙalla 5,000, kowanne kimanin fam 436. Tara cikin goma na waɗannan sun faro ne daga dandalin sada zumunta, akasari Facebook, kuma waɗanda aka fi cuta 'yan shekara 35 zuwa 44 ne. Ba yara ba ke nan, magidanta ne masu aiki da hankalinsu, waɗanda suka taso da waƙoƙin.

Tun farko mawaƙan sun faɗa cewa wuri biyu kawai aka yarda a sake sayar da tikiti, Twickets da sashen sake sayarwa na Ticketmaster, kamfanin sayar da tikiti, kuma a farashin asali. Ko tikitin gaske ne, in ka saye shi a wani wuri ana iya soke shi. A Oktoban 2024 masu shirya wasan sun ce za su soke kusan 50,000 da aka gano a shafukan 'yan bumburutu. Saboda haka duk wanda ya kawo maka dalilin da zai hana a bi ta waɗannan biyun, komai daɗin dalilin, a nan cinikin ya mutu. In da hali ka biya da katin bashi, domin dokar ƙasar nan ta ɗora wa kamfanin katin alhaki a kan sayayyar da ta haura fam 100. Tura kuɗi kai tsaye asusun mutum, ko zaɓin 'yan'uwa da abokai a PayPal, ko katin kyauta, duk kamar ka miƙa tsabar kuɗi ne a tasha.

In kuma an riga an yi maka, kada kunya ta sa ka yi shiru kamar yadda na yi kwana biyu ina zullumi. Buga 159, zai haɗa ka da bankinka kai tsaye. Ka kai rahoto Report Fraud, cibiyar karɓar ƙorafin damfara da ta maye gurbin Action Fraud, in kana Scotland kuma ka kira 'yan sanda a 101. Ka ɗauki hoton duk hirar kafin a goge. Tun 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi, har zuwa fam 85,000, sai dai suna da damar cire fam 100, kuma ba ta shafi kuɗin da aka tura ƙasar waje ba. Ni an yi mini tambayoyi kamar ni ne ɓarawon, musamman kan dalilin da ya sa na ce aboki nake tura wa alhali sayayya ce. Na faɗi gaskiya. A ƙarshe an mayar mini da 240.

Abokin nawa bai san da zancen ba sai da komai ya wuce, don so na yi in ba shi mamaki. Da na gaya masa, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce shi ma a watan Maris an karɓe masa 200 bai gaya wa matarsa ba. Ranar Asabar ɗin muka hau taragon Metrolink tare zuwa Heaton Park, muka tsaya a bayan shinge cikin ɗaruruwan marasa tikiti, sauti na zuwa mana da iska. Muna tsaye wani saurayi ya matso kusa da ni, waya a hannu, ya ce yana da guda biyu na gobe Lahadi, a farashin asali, ƙanwarsa ce ba ta da lafiya.