Baristar da na je wa kan gadon Babanmu

Wallahi da na san haka ne da tuni na je. Babanmu ya rasu tun 2021 ya bar gida biyu da shago, har yau ba a raba ba, Yayanmu babba shi ke karɓar haya, kina magana a ce an fara ƙirga dukiyar mamaci. Ƙawata ce ta haɗa ni da wata Barista a nan Kano, ofis ɗinta ɗan ƙarami a saman bene, na biya dubu 15 kuɗin ganinta.

Abin da ya burge ni ba ta yi min turanci ba, takarda ta ɗauko ta ce Hajiya lissafo min magada, ta zana min komai: a fara biyan bashi, a fitar da wasiyya in akwai amma kar ta wuce sulusi (kashi ɗaya cikin uku), sannan Ummanmu da abokiyar zamanta su raba tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) tsakaninsu, kakarmu ta wajen uba tunda tana raye sudusi (kashi ɗaya cikin shida) ne nata, sauran namiji rabon mata biyu kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Na ce ai Yaya ne Baba ya rubuta magajinsa a banki, ta ce wannan sunan wanda za a tuntuɓa ne kawai, ba ya mallaka masa ko sisi, kuma ko ni kaɗai ina da ikon zuwa kotun shari'a in nemi a raba, a kuma sa shi ya kawo lissafin hayar shekarun nan tunda haƙƙin kowa na ciki. Ni fa duk a zatona sai mun haɗu duka za a saurare mu, nan na ji hawaye ya zo min.

Kuma ba ta tura ni kotu kai tsaye ba, ta ce zumunci ne, wasiƙa ta fara rubuta wa Yaya da Kawu a zauna sulhu.

Inda ta gaza kam waya ce, sai ki kira sau biyar ba a ɗaga ba saboda da safe tana kotu, ranar farko ma na fi awa biyu a benci ina jira. Mai zuwa ta je bayan la'asar, ta riƙe takardar shaidar rasuwa da kwafin takardun gida. Namu zaman dai an sa ranar Asabar a gidan Kawu, Yaya ya ce zai zo da rasidan haya.