Gwajin gudun fitsari a wani asibitin kuɗi na Damagaram

Wata uku mahaifina ya yi yana tashi sau huɗu ko biyar kowane dare domin kama ruwa, kuma duk tashin sai ya daɗe a bayi yana jira, in fitsarin ya zo ma da ƙyar yake fita. Likita ya ce yana zargin kumburin furostat, wato ƙullutun naman da ke kewaye da hanyar fitsarin namiji a ƙarƙashin mafitsara, amma ba zai rubuta magani ba sai ya ga takardar gwajin gudun fitsari. Haka muka nufi wani asibitin kuɗi a cikin garin Damagaram inda suke da na'urar.

Wanda ya ji sunanta zai zaci wata babbar aba ce, alhali mazurari ne kawai a sama, da kofin roba a ƙarƙashinsa zaune a kan sikeli. Yayin da fitsari ke zuba, nauyin kofin yana ƙaruwa, na'urar kuma tana lissafa mililita nawa ke sauka a kowace daƙiƙa, daga ƙarshe ta fitar da ƴar takarda mai kama da rasit ɗauke da zane da lambobi. Ba allura, ba a kuma zura wa mutum tiyo, wanda shi ne abin da Baba ya kwana yana fargaba.

Inda asibitin ya gaza shi ne wajen bayani tun farko. Babu wanda ya gaya mana cewa ana zuwa ne da mafitsara a cike, don haka Baba ya kama ruwa kafin mu fito, kamar yadda kowane dattijo zai yi idan zai bar gida. Gwajin farko ya ba da mililita 90, kuma sai a lokacin aka shaida mana cewa abin da bai kai 150 ba ba a dogara da shi. Muka zauna a benci fiye da awa guda yana shan ruwa, ga zafin bazara, rabin abin da ya sha yana fita ta gumi. Magana ɗaya a bakin mai karɓar kuɗi da ta raba mu da wannan zaman.

Ma'aikacin ɗakin gwajin kuwa ya san aikinsa, ya kuma san mutanen da yake yi wa aiki. Da ya nuna mazurarin, Baba ya ce shi tun da ya yi wayo bai taɓa fitsari a tsaye ba. Yaron bai yi musu ba, ya ce, "Baba, ai a yadda ka saba ake so ka yi, in ba haka ba sakamakon ba naka ba ne." Ya jawo wata kujera mai huji a tsakiya, ya daidaita mazurarin a ƙarƙashinta, ya roƙe shi kada ya yi yunƙuri, kada kuma ya zuba ruwan buta a ciki, domin na'urar ba ta bambanta ruwan tsarki da fitsari, duk abin da ya sauka ƙirga shi take yi. Ya nuna masa bayi na kusa don tsarki, sannan ya fita ya ja ƙofa. Fitar nan tana da muhimmanci, saboda kunya kaɗai tana iya riƙe wa mai lafiya fitsari har takarda ta nuna cutar da babu ita.

A karo na biyu an sami mililita 210, mafi ƙarfin gudun kuma mililita 8 a daƙiƙa. Likita ya bayyana mana cewa ga namiji, abin da ya haura 15 ana ɗaukarsa daidai, wanda ya gaza 10 kuma yana sa a yi zargin toshewa. Ya fi daɗewa a kan zanen fiye da lambobin. Na mai lafiya yakan tashi da sauri ya sauka kamar tulu a kife, na Baba kuwa ƙaramin tudu ne mai jan doguwar wutsiya, sannan wanda ya miƙe shimfiɗe kamar tabarma yakan nuna tsukewar bututun fitsari. Na ji daɗin yadda bai ɗora wa na'urar abin da ba ta iyawa ba: tana nuna cewa gudun ya yi rauni, amma ba ta faɗin ko hanya ce ta toshe ko mafitsarar ce ta rasa ƙarfin matsawa. Shi ya sa nan take aka ɗauki hoton eko, wato hoton cikin jiki, domin a ga abin da ya rage a mafitsara bayan fitsarin.

Zan sake kai shi can, domin likita yana son a maimaita gwajin bayan ya sha magani na ƴan makonni a kwatanta takardun biyu. Sai dai takardar irin wadda zafi ke cinye rubutunta ce, kuma tamu ta fara dusashewa tun tana cikin aljihun rigar Baba, don haka na ɗauki hotonta da waya a daren da muka dawo.