Zanen lambun furanni da na rataye a falo

Wata huɗu ke nan da na sayi wani zanen lambun furanni wajen wani matashi a unguwar Mabera, a Sakkwato. Da fentin ruwa ya yi shi a kan takarda mai kauri, girmansa bai wuce allon ɗan makaranta ba.

Ranar da na kawo shi gida Inna ta matso ta ƙura masa ido, ta ce, "Ɗiyata, wanga ruwa ya zube mishi ne?" Ban ga laifinta ba. In kana kusa, dabbare-dabbaren ja da shuɗi da ruwan ɗorawa kawai za ka gani, wani ya narke cikin wani, ko ganye ɗaya ba a fitar da jijiyarsa ba. Sai da na ja ta baya har bakin ƙofa sannan lambun ya fito mata: ga 'yar hanya ta ratsa tsakiya, ga furanni sun yi mata rumfa, ga rana ta hantsi tana sauka a kansu. Ta yi shiru, can ta ce, "Ikon Allah."

Wannan salon zanen daga Faransa ya samo asali, wajen masu zanen da suka yi baje kolinsu na farko a Paris a 1874. Su haske suke bi, yadda yake faɗa wa abu a ɗan lokaci kafin ya gushe. Claude Monet, wanda ya fi shahara a cikinsu, ya koma ƙauyen Giverny a 1883, ya shuka lambu, ya shekara da shekaru yana zana badon da ke tafkinsa. E, bado dai irin namu na fadama. Shi da fentin mai ya fi aiki, wanda in ka yi kuskure sai ka shafe da wani. Fentin ruwa ba ya yafiya haka. Abin da ya fi burge ni a nawa shi ne fararen furannin: babu farin fenti a wurin, takardar ce aka bari tsirara aka zagaye ta da kore. Mai zanen ya kuma gaya mini da ƙaro ake haɗa fentin, ƙaron da muke sa wa tawadar allo.

Inda ya gaza shi ne firam. Ya ba ni shi babu gilashi, a garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin kwano. Sati biyu saman ya yi futu-futu, kuma ba dama ka goge da jiƙaƙƙen tsumma, sai fentin ya bi ruwa. Dole na kai wa mai gilashi, kuɗin da ban shirya ba. Duk mai son saye ya sa wannan a cikin ciniki tun farko.

Na kuma ɗauke shi daga bangon da ke kallon taga, don rana tana kashe launin fentin ruwa, balle ranar Sakkwato. Yanzu yana gefen kujerar Inna, ita kuwa ta koma zama a bakin ƙofa bayan La'asar.