Masu feshin kuɗin cizo da sauro a Tahoua, abin da na gani da idona

Salamu alaikum ƴan uwa. Mutane da dama sun tambaye ni ko samarin nan masu feshin magani gida-gida aikinsu na da kyau ko ɓarnar kuɗɗi ce kawai, to bari in rubuta sau guda kowa ya karanta. A taƙaice wajen kuɗin cizo sun biya ni wlh, amma wajen sauro akwai magana.

Gidanmu ba nisa da tabkin Babaye, wanda ya san Tahoua ya san in damana ta zauna sauro sai dai haƙuri, sannan ga kuɗin cizo da sunka shigo ɗakin yara, ko ta matala ko ta jakar baƙi Allah ne masani, ɗiyata ƙarama duk hannunta da wuyanta cizo a jere a jere tana susa har jini. Shi kuɗin cizo masana sun ce ba a same shi yana ɗaukar ma mutum cuta kamar sauro ba, amma rashin barci da susar da ke zama gyambo ga yaro ai ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗaki uku da zaure munka yi ciniki jikka 15, tare da zuwa na biyu a ciki. Abin da ya fara burge ni, kahin su taɓa komai babbansu ya ce "Baba a hito da gado da matala da tabarmi duka a rana, a rufe randa da kayan abinci, kaji da mage ma a hitar da su." Ya juya gadon katako ya nuna min wajen haɗin ƙusa, baƙin ɗigo-ɗigo na kashinsu, ga ƙwai farare ƙanana maƙale cikin tsagar katako, in ba a nuna maka ba wlh ba ka lura. Ya ce maganin ba ya kashe ƙwan sosai, kuma ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, shi ya sa feshi ɗaya ba ya isa sai an koma bayan kamar sati biyu. Wannan gaskiya ne, duk mai feshin da ya ce maka zuwa ɗaya ya gama da su to bai san aikin ba ko bai damu da kai ba.

Na ce ya nuna min kwalbar maganin, bai yi gardama ba. Deltametirin ce, da takardarta a jiki da ranar lalacewa, ya auna da murhin awo ya zuba cikin famfon goyo. Ni wannan ya hi min komai, don abin da ya cika kasuwa yanzu shi ne piya-piya da ake ɗurawa cikin ƴan kwalabe ba suna ba komai, sinadarin da ke ciki diklobos ne, na gona ne fa, mutane na yayyafa shi ƙarƙashin gado su rufe ƙofa su kwanta da jarirai. Ko a Najeriya hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana saida ƙananan kwalabensa tun 2019 saboda yawan mutanen da ya halaka. Don Allah iyaye mata ku raba ɗakin barci da wannan abu, warinsa kaɗai na sa ciwon kai da amai da hawaye.

Feshin sun bi tsagar bango, bayan almari, gindin ƙofa, har ramin da wayar kuran ta shiga. Sunka ce a rufe ɗaki, a buɗe taga iska ta shiga sosai kahin kowa ya koma, a share ƙwarin da sunka mutu a binne kada kaji su ci. Zannuwa da kayan yara uwargida ta zuba masu tafasasshen ruwa, matala kuwa ta wuni a ranar Tahoua, zahi na kashe su har da ƙwan. Bayan zuwa na biyu har yau ban ga cizo a jikin yarinyar ba, alhamdulillahi, barci take har a tada ta lakkol.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Sun ce za su zo da hantsi sai bayan azahar sunka iso, kaya na zube a tsakar gida mata na jira ba a ɗora tukunya ba. Wanda ya hi damuna kuma, ƙaramin yaron da ke taya babbansu aiki ba safar hannu ba abin rufe hanci, rawani kawai ya naɗa, silifa a ƙafa, maganin na ɗiga masa a baya. Na ce "ɗana ina kayan aikinka?" ya ce guda ɗaya gare su na maigidansa ne. Na yi ma babban magana sosai, yaron mutane ne, kullum yana shaƙar abin nan gida bayan gida.

Sai batun sauro. Sun ce min wata shida ba zan ga sauro ba, wannan cika baki ne. An samu sauƙi da farko gsky, don sauron da ke kawo palu, wato masassarar cizon sauro, in ya sha jini bango yake hawa ya huta, nan magani ke kama shi. Amma bangon laka na shanye magani da wuri ba kamar na siminti ba, kuma sauron ƙasashenmu na Afirka ta yamma ya saba da wannan dangin maganin, da yawa ba ya kashe su kamar da, ga tabki kusa kullum sabbi na tasowa. Mu kuma Tahoua rabin shekara a waje muke kwana saboda zahi, feshin bango me zai yi ma wanda ke kwance tsakar gida? Don haka sange mai magani na nan ɗaure kowane dare, kuma maganin rigakahin palu da ma'aikatan lahiya ke bi gida-gida suna ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 lokacin damana, kada wani ya ce an yi min feshi ya ƙi karɓa. Yaro ya yi masassara a kai shi likita a gwada jini.

Shi feshin bango ba ƙarya ba ne in an yi shi da tsari. A Kudancin Amurka akwai wani ƙwaro mai shan jini da ke ɓuya a tsagar bangon laka kamar namu, yana kawo cutar Chagas mai lalata zuciya, wadda wani likitan Brazil ya gano a 1909, kuma da irin wannan feshi ne ƙasashe kamar Brazil da Chile da Uruguay sunka rage ta ƙwarai. Amma can gari guda ake bi gida-gida. Nan kai ka fesa maƙwabcinka bai fesa ba, katanga ɗaya ke tsakaninku. Ni dai na yi ma maƙwabtana biyu magana mu haɗa kuɗɗi kahin damana mai zuwa, mai feshin ya ce zai rage muna in gidajen sun yi yawa.

Na tambaye shi ko zai fesa ma tumakina saboda kaska, ya ce a'a Baba, wannan ba na jikin dabba ba ne, ka tahi wajen likitan dabbobi su ba ka nasu da awonsa. Zai iya karɓar kuɗɗina ya fesa ban sani ba, bai yi ba. Na tahi can washegari na sayo.